Ranar da Na Wanke Bawul Takwas

Motar gidanmu ta girmi aurena. Surukina ne ya saye ta tun yana fataucin hatsi tsakanin Karaye da Rogo, da Allah ya yi masa rasuwa sai ta faɗo a rabon maigidana, ba don ya fi 'yan'uwansa son ta ba, sai don gidansa ne kaɗai ke da ƙofar da za ta iya shiga. A tsakar gida take kwana, ƙarƙashin darbejiya, daidai wurin da nake son yin shanya. Kullum safiya sai na tarar ta ɗiga mini baƙin mai a inda na share jiya. Ban taɓa son ta ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

In faɗi gaskiya, tsabtata ta yi yawa har ta zama masifa, an sha gaya mini a gabana da bayan idona. Ba na iya ganin abu a yashe in wuce shi. Maigidan kuwa, wanda nake kira Malam, magatakarda ne a ofishin hakimi, mutum mai sanyin hali wanda komai nasa sai da lamba. Buhunan masararmu da lamba, makullan gida da lamba, har kwalaben magani bai bari ba. Tare da mu akwai mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa mai ciwon ƙugu da kaifin baki. Malam ɗanta ne na fari, saboda haka kunya ba ta barin ta ta kama sunansa, balle ta yi masa magana kai tsaye. Duk abin da take so, ni take kira. "Ke, ki gaya wa mutumin naki ganyen shayi ya ƙare." Yana zaune a gefenta fa, yana ji da kunnensa.

A ƙarshen wata bazara, ran Asabar, wani mai babur ya yi sallama da saƙo daga wani ƙauye da ke bayan Ruwan Bago. Can ƙanwar Inna take aure, wadda muke kira Yafendo, kuma su biyu ne kaɗai suka rage a ɗakinsu. Rabon su da ganin juna shekara shida. Sukan yi waya, amma dukansu kunne ya yi nauyi, sai ka ji kowacce tana ƙwala ihu tana amsa tambayar da ba a yi mata ba. Mai babur ya ce idon Yafendo ya tafi gaba ɗaya, jiki kuma ya yi laushi, ta ce a gaya wa yayarta in tana da niyyar zuwa, to ta zo kafin rafi ya kawo. Rafin ƙauyen babu gada. Da an yi ruwa biyu masu ƙarfi, mota ta daina ƙetarawa sai kaka.

Inna ta saurara, ta sa masa albarka, ta koma ɗaki. Da na kai mata tuwo da yamma ko kallon kwanon ba ta yi ba. Ta ce, "Ki tambayi mutumin naki, motar nan tana tafiya kuwa?" Malam yana alwala a bakin rijiya, ya ɗaga murya ya ce, "Ki gaya mata ran Juma'a, in Allah ya yarda."

Wani zai ce ai motoci sun cika gari. Haka ne, amma ba don Inna ba. Babur dai ƙugunta ba ya ɗauka. Motar haya kuwa, tsufa ya sa ba ta iya doguwar tafiya sai an tsaya mata ta kewaya sau biyu ko uku, kuma na san halinta, gara ta mutu a kan kujera da ta buɗe baki ta ce wa baƙon direba ya tsaya. A motar gida ni za ta taɓa, ni kuma in taɓa Malam, shi ke nan babu wanda ya ji. Don haka ko wannan motar, ko babu tafiya.

Ga shi motar ba ta da lafiya. Ta daɗe tana fitar da baƙin hayaƙi, in ta zo hawa sai injin ya riƙa ƙas-ƙas, ƙarfinta duk ya tafi. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ko an kashe ta an zare makulli, sai ta ci gaba da tari tana jijjiga, sai ta ga dama ta yi shiru. Ran Lahadi Malam ya kai ta gareji. Bakaniken ya kasa kunne ya ce kabon ne, wato dattin hayaƙin da ke daskarewa a cikin injin, kuma sai an buɗe kan injin an kankare. Ya ce a yadda take, in ta gangara rafi ba za ta hauro ba. Amma shi a ranar yake rufe gareji, zai tafi Kurugu sharar gona, sai bayan shuka. A garinmu in hadari ya fara leƙowa, bakanike manomi ne, tela ma manomi ne. Sauran masu gyaran kuwa Malam ba ya yarda su taɓa motar babansa.

Sai ga shi ya dawo da galan ɗin kananzir, da sabon gaskit a leda, wato shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin kan injin, da sifanu na aro, ya ce shi zai yi da kansa. Wai yana yaro ya sha ganin babansa da baffansa suna buɗe ta, kuma ya kalli yadda ake yi a waya. Na ce, "Malam, kai da ƙusar labule ta gagare ka?" Ya yi murmushi kawai, ya naɗe hannun riga.

Litinin da Talata, daga ya taso ofis sai ƙarƙashin darbejiya. Ya tsiyaye ruwan lagireto, ya kwance wayoyi, ya kwance notuna, kowanne ya sa a gwangwanin madara daban. Ban zata zai kai ko'ina ba, amma ran Talata bayan la'asar ya kira ni in kama masa, muka ɗago kan injin, wani ƙarfe mai nauyin tsiya, muka dire shi a kan kwali. Na leƙa ciki na ga abin da ake ta magana a kai. Ramuka huɗu ne, kowanne ya yi ɓawo baƙi ƙirin, sak ƙanzon tukunyar da aka manta a wuta. Malam ya sami guntun katako da tsohuwar wuƙa marar kaifi ya yi ta kankara, yana sharewa da tsumma.

Bayan nan ya juya kan injin ya fara zaro wasu ƙarafa da ya ce sunansu bawul. Guda takwas ne, kowanne kamar doguwar ƙusa mai faffaɗan kai, su ne ke buɗewa da rufewa iska ta shiga hayaƙi ya fita. Duk wanda ya zaro sai ya ɗauki alli ya yi masa rubutu a ka, ya jera shi a kan buhun siminti a gindin katanga. Na ga yana rubutun da idona. To amma mutumin da ya sa wa kwalbar maganin tari lamba, don ya sa wa ƙarfe lamba wane labari ne? Na ɗauka halin ne ya motsa. Da aka kira magariba ya miƙe yana dafe baya ya ce, "Saura kankare waɗannan takwas ɗin, su ne masu cin rai."

Ran Laraba ya fita da sassafe, don hakimi yana da zaman sasanta iyakar gona, abin da ba ya ƙarewa a wannan lokacin na shekara. Ni kuma na ɗauki tsintsiya. Na share ko'ina har na iso gindin katanga, na tsaya a kan ƙarafan nan takwas, baƙaƙe, kaji har sun taka buhun. Na tuna saura kwana biyu. Na tuna yadda Malam ya dafe baya. Sannan na tuna abin da ya kai ni ya baro, wato duk unguwarmu babu matar da gindin tukunyarta ya kai nawa haske. In dai kankare baƙi ne, ai an zo gidana.

Na tattara su gaba ɗaya na zuba a kwano, na jiƙa da kananzir. Da suka jiƙu na zauna a kujera 'yar tsugunno na bi kawunansu ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, sannan da toka da soson ƙarfe. Kabon ya fi ƙanzo taurin kai, amma ni ma ba baya ba ce. Hantsi ya yi, rana ta take, ina nan ina gurza. Na ɗauraye su, na goge, na shanya, suka fito fes suna ɗaukar ido. Na lura huɗu sun fi huɗu faɗin kai, sai na jera manya gefe, ƙanana gefe, a cikin sabon tirena na tarbar baƙi, na rufe da ƙyalle mai tsabta. Na yi wanka, har kwalli na sa, na zauna ina jiran yabo.

Bayan azahar ya shigo, kai tsaye ya nufi gindin katanga, ya tarar da wuri a share tas. Ya juyo ya ce, "Ina bawul ɗina?" Na kawo tire na yaye ƙyallen a gabansa, ina wani sunkuyar da kai irin na wadda ba ta son a gode mata da yawa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Ya ɗauki na biyu ya juya. Sai na ga ya nemi turmi ya zauna a kai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

A hankali ya yi mini bayani, yadda yake yi wa masu rigimar gona. Kowane bawul ya shekara da shekaru yana bugawa a raminsa, har bakinsa da bakin ramin sun ci juna sun zauna daidai. In aka sa na wannan rami a wancan, ba zai rufe ruf ba, iska za ta riƙa zurarewa, motar ta fi da rashin ƙarfi, in ma ta tashi ke nan. Lambar da na wanke ita ce kaɗai ke nuna gidan kowa.

Ni kuwa ina da wani hali, in na yi laifi sai faɗa ya zo mini. Na ce, "To me ya hana ka faɗa? Kai da komai na gidan nan ka bi ka sa wa lamba, ta ina zan san wannan ce ta gaske?" Ya mayar da bawul ɗin cikin tire a hankali. Da ya yi mini tsawa da na fi jin daɗi. Ina cikin sababin na ɗaga ido na ga Inna, wadda tun safe take zaune a ƙofar ɗakinta tana yi mini sannu, ta miƙa hannu ta saki labule. Nan na gane ɓarnar da na yi. Ba Malam na cuta ba, ba motar ba, tsohuwar nan na cuta, da ita da makauniyar da ke can tana kasa kunne ta ji ƙarar mota. Na zagaya bayan madafa na yi kuka mai isata, kuma kunya ce ta sa ni, ba wani abu ba.

Malam ya ari babur ɗin maƙwabci ya tafi Kafin Dafga. Kafin magariba ya dawo ɗauke da Baffa, ƙanin babansa, tsohon bakaniken manyan motoci wanda rawar hannu ta sa ya ajiye sifana ya koma gona. Tun daga soro Baffa ya ɗaga murya ya fara neman tsokana, don tsakaninsa da Inna akwai wasan ƙanin miji da matar wa.

"Ina amaryar tawa? An ce za ki yi yaji, mota ta ƙi tashi."

Daga bayan labule Inna ta ce, "Wa ya ɗauko mana wannan tsohon? Ku ba shi tabarma kar iska ta kwashe shi."

Suka gaisa, gajiya, iyali, mutanen gida, zafi, har aka zo kan tire. Baffa ya ɗaga bawul ɗaya ya duba, ya kalle ni, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "'Yata, tun ina saurayi nake aikin nan, ban taɓa ganin bawul ya yi kwalliyar salla ba sai yau." Ya bi jikinsu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya rufa asiri ban gurje sandar jikinsu ba, kan kaɗai na ci. Ni ba don sani na bar ta ba, don ba ta yi baƙi ba ne.

Ya ce akwai magani, amma mai wahala ne. Tunda kowa ya ɓata gidansa, sai a yi wa kowa sabon gida. Ya zaro wani ɗan gwangwani daga aljihu, da wata sanda mai roba a baki. A cikin gwangwanin akwai wani maiƙo mai yashi-yashi. Za a shafa shi a bakin bawul, a zura bawul a rami, a manna masa sandar a ka, a yi ta murzawa har bakin biyu su ci juna su zauna. Masu gyara suna ce wa aikin girandin. Ya ce mai ƙarfin hannu yakan gama takwas a wuni guda. Sai ya ɗaga nasa hannuwan suna karkarwa ya ce, "Ni dai ido da kunne na kawo muku."

Ran Alhamis Malam ya nemi izini a ofis, da hantsi muka zauna. Shi ya fara. Hannun alƙalami ne, kafin ya gama rabin bawul ɗaya tafinsa ya yi ja ya tashi, sandar kuma sai suɓucewa take. Ina tsaye ina kallo sai na ga abin ba baƙo ba ne. Sanda ce a tsakanin tafuka biyu ana murzawa gaba da baya, wato maburgi ke nan a tukunyar miya. Na ce ya ba ni. Na karɓa na kama murzawa da dukan ƙarfina, don ina so in biya laifina kafin azahar. Baffa yana ta cewa, "A hankali 'yata, ba kuka kike kaɗawa ba." Na gama biyu ina haki. Ya goge bakinsu ya duba, ya nuna mini. Ana son a ga wani siririn zobe mai ruwan toka ya zagaye bakin bawul babu yankewa. Nawa ya yi kauri a gefe ɗaya, ya ɓace a ɗaya gefen.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Inna ce ta fito tana jan ƙafa. Ta ce, "Ke, ki gaya wa mutanen nan su matsa." Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta miƙe ƙafafu, aka ɗora kan injin a kan kujera a gabanta. Ta ce mini, "Tun ɗazu nake kallon ki, hannunki ya yi nauyi. Ba dannewa ake ba. Sakar masa ake, ki murza, ki ɗaga, ki juya shi kaɗan, ki sake." Baffa ya riƙe baki ya ce wallahi haka ogansa ya koya masa. Inna ta ce ita ba ta da oga, shekara arba'in ta yi tana burga miyar gidan fatake, tukunyar da shi Baffan da kansa zai iya kwanciya a ciki.

Ta kama. Hannuwan nan da suka yamutse suka shiga murza sandar cikin wani sauƙi da ya ba ni haushi da sha'awa a lokaci guda. Ba ta sauri, ba ta tsayawa. Da farko ƙarar tana fitowa ƙaras-ƙaras, can sai ta fara laushi. Baffa ya kawo kunne kusa, ya buɗe baki zai ce ya yi, sai ta riga shi ta saki sandar ta ce, "Ya zauna." Ya ce yaya aka yi ta sani, ita da ko kiran salla ba ta ji sai an taɓa ta? Ta ce kunne ne ya tafi, hannu yana nan. Aka goge aka duba, zobe ya zagayo cif.

Haka muka wuni. In ta gaji ta miƙo mini, tana zaune tana gyara mini hannu da bakin sandarta, in na fara gaggawa ta ƙwanƙwashe ni a gwiwa. Malam yana gefe da kwanon kananzir, duk wanda aka gama sai ya wanke shi da raminsa sau uku, don Baffa ya ce ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga injin ta isa ta yi ɓarna. Yana gamawa ya ɗauki alli ya sa lamba, ya kalle ni ta gefen ido. Na ce, "Na gani, Malam, na gani." Baffa da Inna kuwa bakinsu bai huta ba. Ya ce in an gama zai buɗe mata gareji a bakin kasuwa, ta ce ta yarda in shi ne zai riƙa yi mata aike.

Wajen la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso ta watsa mana ganyen darbejiya. Kowa ya yi kamar bai gani ba. Na saci kallon Inna na ga ta ƙara sauri, leɓenta yana motsi. Tafin hannunta ya riga ya tashi, ɗaya har ya fashe, na ce ta bari in ƙarasa, ta yi kamar ba da ita nake ba. Tana gama na biyar ɗinta, ba tare da ta ɗago ba, ta miƙa hannu wajen Malam ta ce, "Miƙo mini wancan." Shi ta gaya wa, ba ni ba. Malam ya tsaya da bawul a hannu kamar an dasa shi, sannan ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu. Tunda na shigo gidan ban taɓa jin ta yi masa magana baki da baki ba. Ita ko a jikinta, ta ci gaba da murza. Hadarin ya yi ta gurnani, ya yi ɗan yayyafi, ya wuce yamma.

Da aka gama, Baffa ya sa aka zura duka takwas, aka kifa kan injin, ya cika ramukan da kananzir. In bawul ya zauna, ko ɗigo ba zai wuce ba. Muka kewaye shi mu huɗu muna leƙe. Bakwai suka riƙe. Ɗaya ya fara tsattsafowa a hankali. Baffa ya ce, "Amarya, naki ne." Inna ta ce a duba lamba. Malam ya duba, ya yi gyaran murya, ya ƙi faɗa. Na karɓi sandar ba tare da an ce mini komai ba, na sake shi, wannan karon da sanyin hannu, har na ji a tafina lokacin da ya zauna.

Haɗawar ta ci sauran yammacin da kuma safiyar Juma'a. Baffa yana zaune a kan turmi yana ba da umarni, Malam yana ɗaurawa. Notunan kan injin daga tsakiya ake fara ɗaure su a yi waje, kaɗan-kaɗan, a zagayo sau uku. Da hantsi aka zuba ruwa da sabon mai, Malam ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, haka. A na uku ta kama, ta yi aman hayaƙi sau ɗaya, sannan ta daidaita tana wani sauti mai laushi da ban taɓa jin ta yi ba. Baffa ya bar ta ta yi zafi, ya ce a kashe. Malam ya murɗa makulli, ta yi tsit nan take. Baffa ya yi kabbara, ni kuwa na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Muka sauke Baffa a hanya muka nufi Rogo, ni da Inna a baya, na naɗe mata tafukanta da tsumma mai tsabta. Sau uku ta taɓa ni, sau uku muka tsaya. Da muka bar kwalta sama ta sake haɗewa. A bakin rafi muka tarar yashi ya jiƙe, wani siririn ruwa yana bin tsakiya, alamar an yi ruwa a sama. Malam ya gangara a hankali, ya ratsa, ya taka mai. Na rufe ido ina salati, ina jiran ƙas-ƙas ɗin nan. Ban ji shi ba. Da na buɗe ido muna kan tudu.

Yafendo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta juyo da kunne ta ce, "Wace ce?" Inna ta lallaɓa ta zauna kusa da ita ta kama hannunta. Yafendo ta shafa hannun, ta ji tsumma, ta kai hanci ta sansana.

"Yaya? Me ya ci miki hannu haka? Kuma kananzir nake ji."

Inna ta kai baki kunnenta ta ƙwala mata, "Inji na gyara na zo!"

Yafendo ta ce, "Wane ne ya rasu?"

"Inji! Injin mota!"

Suka kama dariya su biyu, suna riƙe da juna, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa dariya. Na fita na ba su wuri, don ni ma idona ya cika.

Malam ya je masallaci ya dawo, aka kawo mana fura, muna sha aka yi wata tsawa mai ƙarfi. Mutanen gidan suka ce in za mu koma to yanzu ne. Na shiga na durƙusa na gaya wa Inna. Ta ce, "Ki gaya wa mutumin naki ku kama hanya. Ni sai kaka." Na ce Inna maganinki fa, kayan sawarki fa, ko zani na biyu ba ki ɗauko ba, ga ƙugu, ga damina. Ta ce in haɗa in ba mai babur. Ta ɗaga hannuwanta da ke naɗe ta ce, "Ban goge tafina don in yi wuni ɗaya ba." Yafendo ba ta ji abin da ake cewa ba, amma ta riƙe gefen zanin yayarta gam. Malam yana bakin ƙofa, ya ji komai. Ya tsuguna ya ce, "Allah ya kai mu kakar." Muka ƙetare rafi ruwa yana fara sauka, kuma har muka iso Karaye bai tsaya ba.

Damina guda Inna ta yi a can. Yafendo ta rasu lokacin da gero ya fara nuna, kanta a kan cinyar yayarta, Malam ya ƙetare ruwa da ƙafa ya je jana'iza. Da rafi ya janye muka je ɗauko Inna. Ina ganin ta na fara yi mata gaisuwa sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi, sannan ta ce, "Ya isa haka, share idonki. Mun yi hirarmu ni da ita, tun daga gidan babanmu har zuwa bana, kuma mun gama. Ɗauko mini sandata mu tafi."